Silas Duxbury da Dutsen Gugar Tabitha

Ranar Alhamis, bakwai ga watan Maris na wannan shekara ta 1889, da hantsi, Allah ya yi wa Silas Duxbury rasuwa yana da shekara saba'in da ɗaya a duniya. Shi ne injiniyan garinmu na Rowbeck, mai shagon ƙira na bayan tashar jirgin ƙasa. A kan kujerarsa ta aiki ya cika, tabarau a kan hanci, fensir a bayan kunne, zanen da bai gama ba shimfiɗe a gabansa. Ina can ƙuryar shago ina goge wani ƙarfe, 'yarsa Lydia ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Kawu Amos, zo ka duba Baba." Yadda ta faɗa kawai ya ishe ni. Daga ƙasa aka yi mu, gare ta kuma za mu koma.

Maigida, ni ne Amos Pilling, wanda ya yi shekara talatin da biyu a ƙarƙashinka. Ka san ni ba marubuci ba ne. Hannun da ya saba da shebur da guduma, alƙalami wahala yake ba shi. Amma jaridar garin nan layi shida rak ta ba ka, biyu daga ciki kuma a kan tukunyar tururin masaƙar bakin gada suka ƙare, wai kai ne wanda tukunyarsa ta fashe a 1857 ta kashe mutum tara. Haba! Mutum ya ƙarar da rayuwarsa yana ƙera abin da ke tsare rayukan jama'a, a rasa abin tuna shi sai wannan? Shi ya sa na ari tabarau ɗinka na zauna rubutu.

Ranar Litinin muka kai ka, ana yayyafi. Kamar yadda aka saba, duk gidan da gawa za ta wuce ta gabansa sai ya sauke labule, ko da ba a ga maciji da mamacin. Titin Masaƙa kaf an sauke, har mai gidan giyar nan da kuka yi shekaru ba ku gaisawa. Gida ɗaya ne ya ƙi. Tabitha Clegg ta ɗage labulenta har sama, ta tsaya a taga ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta bi akwatinka da ido har muka sha kwana. Mijinta Job da 'yarta Ellen suna cikin taran nan. Na ga Lydia ta gani, na ga ta sunkuyar da kai.

Ban ga laifin Tabitha ba, abin da aka gaya mata ta riƙe. Laifin yana wuyan wanda ya san gaskiya ya yi gum, kuma shi ne yake ɗauke da akwatinka ta gefen hagu. Ba ƙirarka ce ta kashe mutanen nan ba, Maigida. Ni ne. Ka sani, na sani, duk tsawon shekarun nan babu na uku sai Allah. Ka tafi da naka sanin kabari, in ni ma na tafi da nawa, shi ke nan sunanka ya ɓaci har abada. Amma bari in fara da kai, don zancenka aka zo ji, ba nawa ba.

Ɗan maƙerin kofaton dawaki ne kai, kuma ba ka taɓa ɓoye haka ba, ko bayan ka fara sa doguwar hula kana zama da masu masaƙu. Da ka shiga ɗakin inji, kafin ka gaisa da kowa sai ka ɗora tafin hannu a jikin ƙarfe ka rufe ido. Daga nan ka faɗi inda ciwon yake, kuma da wuya ka kuskure. Ƙwai a kan shebur kake soya shi a bakin wuta kamar kowane mai zuba kwal, ka ce kaskon gida ba ya ba shi ɗanɗano. Faɗa kuwa akwai shi. In ka ga kusa a karkace, ranar kowa sai ya ji a jikinsa. Amma ban taɓa ganin ka kori mutum saboda ya tsufa ba. Mai gadinmu da idonsa ya mutu, ka ƙera masa kujera kusa da wuta ka ce aikinsa sauraron injin, in ya ji wani sabon kuka ya faɗa. Ya yi shekara shida yana wannan aiki, kuma da gaske yake yin sa.

Ba duk abin da ka ƙirƙira ne ya yi albarka ba, gaskiya ɗaya ce. Wa zai manta injin shafa wa burodi man shanu da ka kawo shayin majami'a? Ka ce zai hutar da mata. Ya shafa wa yanka uku lafiya lau, a na huɗu ya ɗebo man ya manna wa mai wa'azi a gemu. Matarka Martha ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Kai kuwa ko murmushi ba ka yi ba, ka zaro fensir kana rubutu a hannun rigarka, kana cewa laifin man ne, ya yi laushi da yawa. Wannan kafin abin ya faru ne. Bayan nan ban ƙara jin Martha ta yi irin dariyar ba.

To, ga yadda abin ya faru. A saman kowace tukunyar tururi akwai bawul, ɗan murfin da ke ɗagawa ya fitar da tururi idan ya yi yawa. A zamaninmu wani dogon hannun ƙarfe ne ke danne shi, da nauyi rataye a ƙarshen hannun, an auna shi daidai ƙarfin tukunyar. In ka ƙara nauyi murfin ba zai ɗaga ba, tururi ya taru, inji ya ƙara gudu. Duk mai kula da inji a yankinmu na Lancashire ya san wannan, kuma wanda ya ce bai taɓa yi ba ƙarya yake yi. Da safiyar sanyi man inji yakan daskare, injinan saƙa su riƙa jan ƙafa, mata masu saƙa su leƙo suna yi maka tsiya. Sai ka rataya bulo ko guntun sarƙa na ɗan lokaci, in komai ya ɗau zafi ka cire. Rufe wa tsohuwa baki muke kiran abin.

Ni ke kula da injin masaƙar bakin gada, tukunyar kuma kai ka ƙera ta, ba ta fi shekara biyu ba. Ranar Asabar Tabitha ta kawo mini dutsen gugarta in gyara mata mariƙin da ya yi sako-sako. Mata sun saba kawo mana irin waɗannan. Ta karce sunanta a gefensa da ƙusa, T da C, don maƙwabta masu aro ba sa mayarwa. Na gyara na ajiye a kan teburin ɗakin inji. Ranar Talata, shida ga Oktoba, aka tashi da sanyi mai shiga ƙashi. Ellen ta leƙo ɗakin inji, yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, bakinta ba ya shiru. Ta ce, "Amos, injinka ne ya tsufa, ko kai ne ba ka wartsake daga giyar jiya ba? Kakata ta fi shi sauri." Na yi dariya na ce ta koma, yanzu za ta ga gudu. Na nemi bulona ban gani ba. Idona ya faɗa kan dutsen gugar uwarta. Na ɗaure shi da waya na rataya.

Tsohuwa ta yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da ya bi ni har yau.

Ban yi niyyar wuce minti goma ba. Sai dokin amalanken kwal ya zame a bakin ƙofar masaƙa ya faɗi, ana ta kururuwar a kawo ɗauki. Na fita a guje, na zauna a kan dokin don kada ya yi shure-shure, ana kwance masa igiyoyi. Ina zaune a nan, ina ma yi wa mai amalanken ba'a, na manta da komai. Ban ji ƙara ba. Ƙasa ce na ji ta ɗaga ni ta yar. Da na miƙe, rabin ɗakin saƙa babu shi, auduga tana saukowa daga sama a hankali tana rufe mutane.

Kai ne ka fara isowa daga cikin manya, babu hula babu kwat. Da hannu ka riƙa tonon bulo mai zafi har fatar yatsunka ta saɓule. Kai ka ɗauko Ellen, a nan kuma Tabitha ta gan ka da 'yarta a hannu. Wajen la'asar na hango ka a gindin katangar baya ka duƙa ka ɗauki wani abu. Ka warware wayar da ke jikinsa, ka juya shi ka karanta gefensa. Sannan ka ɗago kai ka dube ni daga can nesa, ka daɗe kana dubana. Ka naɗe shi a hannun riga ka wuce.

A benen masaukin baƙi aka zauna binciken mutuwar, ɗakin cike da warin giya da jiƙaƙƙun riguna. Aka miƙo mini Littafi Mai Tsarki na sumbata, na ce tururi daidai yake, ban taɓa komai ba. Matata tana da tsohon ciki a lokacin, kurkuku kuma nake hangowa, amma wannan ba uzuri ba ne, tsoro ne kawai irin na ragon namiji. Da aka zo kanka, alƙalin bincike ya tambaye ka ko kana zargin wani. Ka ce, "Ni na ƙera ta. Duk abin da ya same ta, daga ƙirata ya fito." Ba ka ƙara ko kalma ɗaya ba. Aka rubuta cewa ƙarfen tukunya ne bai da ƙwari, aka tashi.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan karon ni na ja, kai ya doka. Aka farfasa tagogin gidanka. Masu masaƙu suka janye ayyukansu, ma'aikatanka arba'in suka koma biyar. A majami'a bencin da kuke zama ya zama naku ku kaɗai, gaba da baya ba kowa. Yara suka sa maka suna Mai Tukunyar Ajali, suka girma suka koya wa 'ya'yansu. Lydia tana shekara bakwai aka fara jifanta a hanyar makaranta, da ta girma kuma wanda ya so ta iyayensa suka ce ba da su ba. Duk ina gani. Ina cin abincina, ina sa rigar Lahadi, ina gani.

Bayan mako uku ka ƙwanƙwasa ƙofata. Na ɗauka ƙarshena ne ya zo. Ka tsaya a waje ruwa na dukanka, ka ce kana neman wanda ya san yadda ake cutar tukunya, in zo Litinin da ƙarfe shida. Na zo. Abin da na fara gani a ofishinka shi ne dutsen gugar nan a kan tebur, ka danne takardun zane da shi. Nan ya zauna shekara talatin da biyu. Baƙi sukan yi maka tsiya, su ce injiniya guda ya rasa abin danne takarda sai kayan wankin mata. Kakan ce yana da nauyin da kake buƙata.

Aikin da ka ba ni babu irinsa a ƙasar nan. Ka ƙera sabon bawul, ka ɗaura a kan ƙaramar tukunyar gwaji a bayan katanga mai kauri, ka miƙo mini waya da bulo da guntun katako ka ce, "Cuce ta, Amos." In zauna in yi ta dabara har in rufe mata baki. Da na yi nasara sai ka cire ka jefa a tulin ƙarfe, ka koma tebur. Guda goma sha ɗaya na cuta cikin shekara uku. Na sha biyun ne ya gagare ni. Ka raba shi da dogon hannun nan gaba ɗaya, ka sa ƙarfe mai tankwaruwa ya riƙa danne murfin daga ciki, ka rufe duka a cikin kwanson ƙarfe, babu inda za a rataya ko zare. Kwana huɗu ina fama, na toshe nan ya huce ta can. Da na jefar da wayar na ce na sallama, sai ga ka, mutum mai gemu da 'ya, kana rawa a tsakar shago da takalman katako. Ka yi ta rawa, sannan ka zauna a kan maƙera ka rufe fuska da hularka. Muka fita muka bar ka.

Ba ka hana kowa kwaikwayonsa ba. Duk wanda ya aiko yana tambaya, ko abokin gasa ne, sai ka kwafe zanen da hannunka ka aika masa. Waɗansu suka canza kusa ɗaya suka manna sunansu, aka ba su lambar yabo a London, ni ina ta kumfar baki kai kana shan shayinka. Daga baya ka yi usur ɗin da ke ihu in ruwan tukunya ya yi ƙasa, ihun da ko matacce sai ya tashi. Ka yi abin da ke tsayar da sandar inji nan take in ta kama riga ko gashi, bayan ka je asibiti ka ga wata mai saƙa da bel ɗin inji ya kwashe wa fatar kai. Mata nawa ne yau suke taje gashinsu ba su san kai ka bar musu shi ba?

Akwai wata ɗabi'a taka da ma'aikata suka ɗauka camfi ne. Duk tukunyar da za ta bar shagonmu, bayan an gama gwaji da awo, sai ka ɗauki 'yar gudumarka ka buga mata sau tara, a hankali, kana tsayawa tsakanin kowane bugu. Leɓunanka suna motsi. Wata rana na matso na ji. Sunaye ne. Job shi ne na huɗu, Ellen ta ƙarshe.

Sau ɗaya na yi yunƙurin magana, ranar da muka dawo daga binne Martha. Likita ya ce zuciya ce, ni kuwa na san abin da ya ci zuciyar. Na same ka a ofis na rufe ƙofa, na ce gobe zan je wurin hukuma.

Ka ce, "Ka je ka yi me? Ka tayar da su?"

Na ce aƙalla a wanke sunanka.

Ka ɗora hannu a kan dutsen gugar ka ce, "In ka faɗa, dole ka faɗi abin da ka rataya. Matar nan tana da wanda take tsana, shi ke tashe ta da safe. Kana so ta san da hannunta ta kawo maka shi? Ni kuma ba ƙarya na yi ba, Amos. Ni na ƙera hannun da ake ratayawa. Injin da ke jiran ɗan Adam ya tuna, ba a gama ƙera shi ba."

Allah ya sani daɗi na ji da ka hana ni. Wannan ma sai na faɗa.

Tabitha kuwa, wani hunturu famfon titinsu ya daskare ya fashe, mata suna zuwa har kogi ɗiban ruwa. Ka zo da kayan aikinka ka durƙusa a ƙanƙara, yini guda kana gyara. Ta fito da bahon wanki ta sheƙa maka ruwan a ƙafa. Ka ɗaga mata hula ka ci gaba da aiki. Ni fa? Ni ta saƙa wa jaririna safa. In ta gan ni a kasuwa ta ce, "Amos Pilling, kai ma Allah ne ya tsare ka ran nan," ta tura mini gasasshen dankali a aljihu. Ta yi mini faɗa ma, wai don me zan yi wa mai kisan kai aiki. Sau ɗaya ta tambaye ni dutsen gugarta, na ce ya ɓace a cikin ɓaraguzai. Da ta riƙa zagina da na fi samun sauƙi.

Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma tun daga ranar ba na iya zama inda butar shayi ta yi shiru a kan wuta. Sai na miƙe na ɗaga murfin. Matata ta rasu tana ɗauka tsabar son shayi ne. Yanzu kuma tun da ka tafi, da tsakar rana in an kashe inji an tafi cin abinci, ina jin bugun guduma daga bayan shago. Na san ƙarfe ne ke hucewa, ni ba yaro ba ne, na yi shekara arba'in ina jin ƙarfe yana hucewa. Amma ina ƙirgawa, kuma a tara yake tsayawa.

Washegarin jana'iza Lydia ta kira ni ofis ta miƙo mini dutsen gugar a naɗe cikin tsumma. Ta ce tun bara ka bar mata wasiyya, in ka mutu a ba ni, na san mai shi. Ba ta san komai ba, baiwar Allah, ta ɗauka wani tsohon wasa ne tsakaninmu. Kwana uku yana kan teburina ina kallonsa. Ko nufinka in ci gaba da ɓoyewa, ko nufinka ka sake ni, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya. Abin da na sani shi ne fuskar Lydia lokacin da ta ga labulen nan a ɗage. Ita na fara gaya wa gaskiya. Ba ta yi kuka ba, ta ce kawai in fita, na fita.

Ranar Juma'a da azahar na je gidan Tabitha. Shekararta saba'in da biyu yanzu, ita kaɗai a gidan. Ta yi murna da ganina, ta ɗora buta. Na ce ta bar shayin. Na ajiye ƙunshin a tebur na warware. Ta gane shi tun kafin ta taɓa, ta sa ɗan yatsa tana bin haruffan da ta karce. Na gaya mata duka a tsaye, har tsiyar da Ellen ta yi mini, har dokin. Ban rage komai ba.

Ta ɗauki dutsen ta auna shi a hannu. Ta ce, "Ɗan wannan?"

Na ce shi ne.

Ta ce, "Da na bar shi da mariƙinsa sako-sako..." Ba ta ƙarasa ba. A nan na ga abin da ka yi shekara talatin da biyu kana tsare ta daga gani, kuma ni na kawo mata shi har ɗaki. Ta daɗe a zaune, butar tana ta tafasa, babu wanda ya sauke. Can ta tambaye ni ko ka sani tun ranar. Na ce tun la'asar ɗin ranar. Ta tambaya har lokacin da ta sheƙa maka ruwan wanki. Na ce har lokacin.

Ta ce, "Ka ci dankalina, Amos Pilling. Fita. Gafara wurin Allah take, ni ba ni da ita yau, kada kuma ka dawo gobe ka tambaya."

Na fita. Ban ga laifinta ba, ban kuma nemi fiye da haka ba. Na kai tsakiyar titi na tsaya na waiwaya. Tana tsaye a tagar nan, inda ta tsaya ranar Litinin. Ba ni take kallo ba, hanyar maƙabarta take kallo. Sai ta miƙa hannu ta sauke labulen har ƙasa, da rana tsaka, babu gawar da ke wucewa. Maƙwabta suka fito suna tambayar wa ya mutu. Yau kwana uku ke nan, na wuce ɗazu, bai ɗagu ba.

Maigida, ka yafe mini na karya shirunka. Ban san ko daidai na yi wa Tabitha ba, wataƙila kai ne mai gaskiya. Amma ga shi na rubuta da sunana, kowa ya karanta. Hukuma ta san gidana, lamba goma sha huɗu a Titin Tasha, ba zan gudu ba, ƙafar gudun ma babu. Wanda ke neman mai tukunyar ajali, ni ne, a daina kiran mutumin kirki da sunan da ba nasa ba.

Allah ya jiƙanka, Silas Duxbury. Ubangiji ya karɓe ka da rahama, ya sauke maka kayan da ka ɗauka ba naka ba, ya sada ka da Martha, ya ba ka hutun da garin nan ya hana ka. Allah ya jiƙan taran nan da ba ka taɓa sakin sunayensu ba. Ga Lydia, wadda na cuta fiye da yadda baki zai faɗa, da ƙanenka da ke Preston, da sauran dangi, da ma'aikatan shago, ina miƙa ta'aziyyata, in za a karɓa daga hannu irin nawa. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba Tabitha Clegg haƙurin rashi na biyu. Akwai tukunya ɗaya da ka bari a shago an gama gwada ta, gobe za a ɗauka. Lydia ba ta yi mini magana ba tukuna, amma ɗazu na tarar ta ajiye 'yar gudumarka a kan bencina. Na san sunayen, na san yadda suke a jere. Amin.